Gashin tsuntsu ko roba: abin dubawa kafin ka sayi fiffiken kibiya

Da zarar kibiya ta fara kaɗa gindi dama da hagu a iska, ko tana sunkuyawa tana ɗagowa, fiffike, wato gashi ko robar da ake mannawa a gindinta, ake fara zargi. Sau da yawa kuwa laifin ba nasa ba ne. Fiffike na daidaita kibiyar da ta fita lafiya. Wadda ta fita a karkace ɓoye aibinta kawai yake yi, shi ya sa nake roƙon mai saye ya riƙe kuɗinsa tukuna ya yi gwaji ɗaya.

Tsaya kamar mita 15 zuwa 18, ka harba kibau uku masu fiffike, sannan biyu waɗanda ba a manna musu komai ba. In kana jan tsirkiya da yatsun dama, kuma marasa fiffiken suka faɗa hagu da sauran, sandar kibiyar ta yi wa bakanka tauri. In dama suka faɗa, ta yi laushi. Sama ko ƙasa kuma maganar inda gindin kibiya ke zama ce a kan tsirkiya: sun yi sama, ɗaga alamar da ke nuna wurin kaɗan, sun yi ƙasa, sauke ta. Lambar da ke jikin sandunan kabon, 400 ko 500 ko 600, ita ce ma'aunin taurin. Ana ɗora sanda kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata giram 880 a tsakiya, wadda ta lanƙwasa rabin inci ita ce 500. Ƙaramar lamba ta fi tauri. Easton da sauran kamfanoni na da jadawalin da ke haɗa ƙarfin baka da tsawon kibiya, a duba shi kafin a biya.

Sai ka shafa jan baki a gefen fiffiken ka harba. In ka ga ja a jikin baka, gogar sa yake yi, kuma sau da yawa juya gindin kibiyar kaɗan ya wadatar.

To, in duk wannan ya yi daidai, ga zaɓi. Gashin tsuntsu, wanda galibi na fiffiken talotalo ne, shi zan ba duk mai bakan da kibiya ke kwanciya kai tsaye a jikinsa ko a kan hannu, domin yana kwantawa in ya gogi itace ya sake miƙewa. Ba shi da nauyi, yana kama iska da wuri. Rauninsa ruwa: ya jiƙe ya lafe, ga saurin cinyewa. Kula da abu ɗaya wurin saye, akwai na fiffiken tsuntsu na dama akwai na hagu, kowanne ya yi, amma kada a gauraya su a kibiya ɗaya.

Na roba bai damu da damina ba, ya fi juriya, amma ba ya yafiya. In ya bugi baka sai kibiya ta yi tsalle, don haka sai bakan da ke da mazaunin kibiya, wato ɗan madogarin da ke ɗage ta daga jikin baka. Blazer na kamfanin Bohning, mai inci 2, ya yi suna wurin masu baka mai tayoyi. Irin su Spin Wing, masu siriri kamar leda da masu harbin mita 70 na Olamfik ke mannawa, suna da kyau a nesa, sai dai yawan yagewa. Ban ga dalilin mai koyo ya fara da su ba.

Girma kuma nisa ke yanke shi. Inci 4 ko 5 da aka manna a murɗe na juya kibiya da sauri, ya dace da harbin kusa da tsinin farauta mai faɗi. A nesa kuwa yana cin gudu, iskar gefe ma ta fi kwasar sa, can ƙarami ya fi. Kowanne ka zaɓa, sayi kaɗan ka manna wa kibau uku ka gwada kafin ka yi wa dozin ɗin gaba ɗaya.