Baƙin sinkin dutse bayan wata 14: kyau kam akwai, amma sai da ya saki kantar kicin

Sinkin da nake magana a kai shi ne baƙin nan na garin dutse, mai rami ɗaya, wanda ake maƙalawa ta ƙarƙashin kantar kicin. Tsawon raminsa santimita 70, faɗi 40, zurfi 22. Yana zaune a kabad mai faɗin santimita 80, kantar kuma giranit ce mai kaurin santimita 3. Wata 14 ke nan ana aiki da shi kullum. Da a watan farko na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan ba shi ban ko tsaya tunani ba.

Don a faɗi gaskiya, abin yana da daɗin aiki. Irin wannan sinki ba dutse ne zalla ba: kusan kashi 80 cikin 100 garin dutse ne, sauran kuma gam ne na akirilik da ke riƙe shi. Shi ya sa ba ya ƙara. Ka buɗe famfo har ƙarshe, ba za ka ji wannan ƙarar ganga da sinkin ƙarfe mai sirara ke yi ba. Cokali da wuƙa ba sa yi masa zane, launin kuma har cikin jikinsa ne, ba fenti aka shafa ba. Babbar tukunya tana kwanciya a ciki, tiren obin ma haka, abin da mai rami biyu ba ya iyawa sai an karkata. Kuma da yake babu leɓe a saman kanta, tsumma ɗaya za ka ja ka share ruwa da datti su faɗa ciki.

A wata na 7 aka fara jin wari a kabad ɗin ƙasa, irin na katakon da ya sha ruwa. Aka zargi gwiwar bututu, aka ƙara ɗaure ta, warin bai tafi ba. Sai ruwa ya fara nawa wajen wucewa. Da aka haska tocila daga sama aka leƙa ta ciki, sai ga haske yana ratsowa tsakanin leɓen sinkin da dutsen kanta ta gefen baya, tazarar da bakin wuƙa zai shiga. Bayan kwana biyu aka tara ruwa don jiƙa tukwane, nan take bayan sinkin ya sauka kusan kaurin yatsa. Abin da ya hana shi faɗuwa gaba ɗaya bututun ƙasa ne da ya tokare shi.

Da aka sauke shi ne aka ga abin takaici. Babu maƙali ko ɗaya. Babu tokara, babu ƙarfe, babu katako. Silikon kawai aka zagaya masa aka manna shi da dutse aka tafi. To ku yi lissafi da kanku. Sinkin shi kaɗai ya kai kilo 16. Raminsa yana cin lita 60 da ɗoriya, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo ɗaya ce. Ko rabinsa aka cika, aka ɗora tukwane biyu, an haura kilo 50 a rataye a jikin zaren silikon. Shi kuwa silikon aikinsa toshe kafa ne don kada ruwa ya bi, ba ɗaukar kaya ba. Ga ruwan zafi da na sanyi suna sa sinkin buɗewa da tsukewa kaɗan-kaɗan kullum, dutsen kanta kuma ba ya motsi daidai da shi. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, tsohon silikon ɗin ya ɓare daga jikin dutsen fes, kamar ɓawon da bai taɓa kamawa ba, bayansa duk ƙura. Ma'ana ba a goge ƙurar yanka daga ƙarƙashin kantar ba kafin a shafa. Ƙura aka manna wa sinkin, ba dutse ba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Ruwan da ya yi makonni yana bin wannan kafa ya sauka kan gindin kabad, wanda na MDF ne, wato katakon da ake matsewa daga garin itace, ya kumbura ya yi baƙin funfuna, sai da aka yanke shi aka sa sabo. Saukar sinkin kuma ta danne bututun da ke tafiya bango har gangarensa ya juya, shi ne dalilin nawar ruwan. Bututun nan mai faɗin milimita 40 yana son gangare na kusan santimita 2 a kowace mita. Da zarar ya miƙe ko ya ɗaga kai, mai da ɗigon abinci za su kwanta a ciki.

Mai sayarwa ya ce laifin mai haɗawa ne. Mai haɗawa ya ce kwalin bai zo da maƙalai ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A cikin kwalin akwai rariyar magudana, akwai bututun ambaliya, akwai takardar awon yanka, amma babu ko noti ɗaya na ratayewa, kuma takardar bayani ba ta ce a nemo ba. Kaya mai wannan nauyi, da irin kuɗin da ake sayar da shi, a ce maƙalai takwas sun gagara?

Ga yadda aka gyara, ga wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali. A rufe ruwa, a kwance gwiwar bututu da rariya, a sauke sinkin gaba ɗaya. Kada a yarda da mai cewa zai cusa sabon silikon a kafar, domin sabo ba ya kama tsoho da kyau. A kankare tsohon da reza daga leɓen sinki da ƙarƙashin dutse, a goge da sifirit, a bari ya bushe ƙayau. A manna ƙusoshin maƙali a ƙarƙashin kantar da gam mai haɗi biyu, tazarar kusan santimita 25 tsakaninsu, a ba gam ɗin lokacin da aka rubuta a jikinsa. Sannan a zagaya silikon zare ɗaya mara yankewa, kaurin milimita 5 zuwa 6. A nemi wanda ba ya warin khal, wato binega, domin mai warin khal yana iya taɓa wasu duwatsun, musamman mabul. A gitta katako a saman kanta, a zura maɗauri ta ramin magudana a ja sinkin sama har ya haɗu da dutse, a ɗaure maƙalan da hannu ba da ƙarfin tsiya ba. Ni na ƙara da sanduna biyu na katako mai ƙarfi, an ɗaure su da sukuru a bangon kabad hagu da dama, leɓen sinkin ya zauna a kansu, ta yadda kabad ne ke ɗauke da nauyin. A bar shi awa 24 kafin a mayar da bututu ko a buɗe famfo. Wajen mayar da rariya, wadda raminta milimita 90 ne, a yi hattara: ƙarfe yana lanƙwasa idan an matse shi, sinkin dutse kuwa tsagewa yake yi.

Tun daga lokacin bai sake motsi ba. Har na fara cewa sinkin ba shi da laifi, aikin hannu ne ya cuce shi, a bar shi da tauraro huɗu.

Amma kullum na shiga kicin da safe sai in fasa. Baƙin nan kyan ɗan maciji ne. Idan ruwanku mai alli ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a ciki kuma buta ke yin farin ɓawo, to duk ɗigon da ya bushe sai ya bar tabo fari. A kan ƙarfe ba a cika lura ba, a kan baƙi kuwa kamar an watsa gari. Cikin wata uku ƙasan ramin ya koma toka-toka, musamman kewayen magudana da inda ruwan famfo ke sauka. Yana fita, ba wai ba ya fita ba: khal da ruwa rabi da rabi, a fesa, a bari minti 10 zuwa 15, a cuɗa da soso mai laushi, a ɗauraye, a tsane da tsumma. Bayan haka a shafa ɗigo kaɗan na farin man ma'adinai (mineral oil), baƙin ya dawo kamar sabo. Sai dai bayan mako guda an koma gidan jiya. Maganin gaskiya shi ne a tsane shi bayan kowane wanke-wanke, kuma a gidan da hannu ya yi yawa, wa zai yi? Soson ƙarfe kuma kada a kusanto da shi, yana dusashe fuskar har abada. Da launin toka ko ruwan ƙasa na ɗauka, da rabin wannan ƙorafi babu shi.

Sai batun zurfi, wanda a shago ya yi kama da riba. Santimita 22 ne a rubuce, amma wanda aka maƙala ta ƙasa sai ka ƙara kaurin kanta, ya zama 25. Kanta mai tsayin santimita 90, ke nan hannunka yana aiki a santimita 65 daga ƙasa. Mai tsawo zai ji a bayansa kafin ya gama kwanukan dare. Zurfin 19 ko 20 ya wadatar. Kuma mai gyaran tsohon kicin ya auna tsayin bututun da ke shiga bango kafin ya saya, domin sinki mai zurfi yana sauko da magudana, idan bakin bututun bango ya fi mafitar gwiwa tsayi ruwa ba zai hau tudu ba, sai an fasa bango. Kofin gilashi ma ba ya tsira idan ya kuɓuce a ciki, an yi asarar uku kafin a sayo ragar da ake shimfiɗawa a ƙasa. Tafasasshen ruwa kuma, duk da abin da aka rubuta na jure zafi, a buɗe famfon sanyi tukuna kafin a juye.

Da za a sake, ƙarfen sitenles zan koma, amma ba kowanne ba. Lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, kaurin milimita 1.2, wato geji 18. A lissafin geji, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 16 ya fi 18, 22 kuwa shi ne mai ƙarar gwangwani. A taɓa jikin ramin, kada a tsaya a leɓe, domin akwai masu kaurara leɓen su bar cikin sirara. Gwajin maganaɗisu da ake yawan faɗa rabin gwaji ne: yana kama lamba 430, ba ya kama 304, amma 201 mai ƙarancin nikel ma ba ya kamawa, ita kuma tana riga 304 yin tsatsa. A duba ƙasansa akwai faifan roba mai kashe ƙara. A guji mai kusurwa tsaye cak kamar akwati, datti yana maƙalewa inda soso ba ya kai, mai ɗan lanƙwasa na milimita 10 zuwa 15 ya fi sauƙin wanki. Zai yi zane, wannan dole ne, kuma bilic ko gishirin da ya kwana a ciki yana yi masa ƙananan ramuka. Amma ba shi da nauyi, kuma ba ya tsagewa. Na farin tangaran da na ƙarfen zubi mai rufin enamel sun fi wannan baƙin nauyi nesa ba kusa ba, kabad ɗin da za su hau sai an gina shi dominsu, kuma ɓantarewa suke yi idan tukunya ta faɗo.

Wanda kantarsa ta katako ce mai rufin fomika, ya manta da maƙalawa ta ƙasa kwata-kwata, ruwa zai shiga bakin yankan ya kumbura shi. Ya ɗauki mai zama daga sama, wanda leɓensa ke ɗauke da nauyinsa.

Tauraro uku na ba shi. Da safen nan ma na sake ganin farin zoben nan kewaye da magudana, kwana huɗu kacal da shafa mai, har na so in mayar da shi biyu.