Manhajar Zane Ta Kyauta: Ni Dai Krita Na Riƙe

Na taɓa kwashe sati uku ina zana fuskar wani tsoho a wata manhajar waya da aka ce kyauta ce, har furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da zan fitar da hoton sai ga tambarin kamfanin ɓaro-ɓaro a kafaɗar tsohon, wai sai na fara biyan kuɗin wata-wata za su cire. Tun daga nan, kafin in duba yawan buroshi ko kyan launi, tambayata ɗaya ce: in na gama, aikin nawa ne ko nasu?

Krita ba ta da wannan rainin hankalin. Babu talla, babu tambari, babu rajista, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Gidauniyar da ke kula da ita tana ƙasar Holan tun 2013, kuma masu zane aka fi yi wa ita. Kana danna alƙalami a kan allon zane za ka ga bambanci: ka matsa, layi ya yi kauri, ka sassauta, ya zama siriri kamar zare. Ni da hannuna ke rawa, abin da ya fi burge ni shi ne saitin da ke daidaita layi, ya ɗan ja alƙalamin baya har kwana ta fito sumul. Tana ba ka damar ɗora zane bisa zane, kowanne a shimfiɗarsa, ka goge na sama ba tare da ka taɓa na ƙasa ba. Tun fitowar siga ta 3.0 a 2016 ma tana yin zane mai motsi. Aibinta? Tana da nauyi a tsohuwar kwamfuta in ka buɗe babban shafi, kuma an yi ta ne don babban allo, ba ƙaramar waya ba.

A cikin sauran manhajojin kyauta, GIMP tsohuwar hannu ce, ɗalibai biyu ne suka fara ta a jami'ar Berkeley a 1995, kuma siga ta 3.0 ta fito a 2025. Gwana ce wajen gyaran hoton kyamara, yanke baya da gyara haske, amma yin zane da ita kamar aski ne da wuƙar yanka. Inkscape ta masu ƙera tambari ce. Paint.NET sai Windows. Photopea tana buɗe fayilolin Photoshop, manhajar gyaran hoto ta kuɗi, a cikin burauza, sai dai ka haƙura da talla a gefe.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne wajen saukewa. A 2022 an ga wani talla a saman sakamakon binciken Google mai nuna adireshin GIMP na gaskiya, amma in ka danna sai ya kai ka wani shafi mai kama da na asalin sak, fayil ɗin cikinsa kuwa manhajar satar kalmomin sirri ce. A 2021 masu Krita da kansu sun yi gargaɗi kan saƙonnin imel na bogi da ake tura wa masu tashoshin bidiyo da sunansu, ana yi musu tayin kuɗin talla don su buɗe fayil mai cuta. Saboda haka rubuta krita.org ko gimp.org da hannunka, kada ka taɓa sakamakon da aka yi wa alamar talla. Shafin da ya jera maka manyan maɓallan saukewa uku kore shar, fita kawai. Wanda ya ce ga Photoshop "da aka fasa" kyauta, ramin kura yake nuna maka.

Za ka ga ana sayar da Krita a shagunan manhajoji na Steam da Microsoft. Wannan ba damfara ba ce, manhajar ɗaya ce, kuɗin na tallafa wa masu gina ta ne, sannan wadda ka saya tana sabunta kanta.