Sayar da wasa ko riƙe haƙƙinsa?

Marubucin wasan kwaikwayo a Damagaram hanya biyu ce a gabansa idan ya gama rubutu. Ko ya sayar wa ƙungiyar 'yan wasa gaba ɗaya, ya karɓi 'yan jikkunansa a hannu, ko ya riƙe haƙƙinsa a riƙa ba shi kaso duk ranar da aka nuna wasan.

Ta farko ita ce tsohuwar hanya. A Ingila zamanin Shakespeare, da zarar ƙungiya ta biya, wasa ya zama nata, ko shekara ashirin za ta yi tana cin moriyarsa. Amfanin wannan hanya ga marubuci ɗaya ne: kuɗin cefane yau, babu jira.

Ta biyu sai da aka yi gwagwarmaya. A 1777 wani marubucin wasan kwaikwayo mai suna Beaumarchais ya tara marubutan Faransa saboda 'yan wasa na ɓoye musu lissafin kuɗin ƙofa, kuma a 1791 doka ta hana nuna wasan marubuci mai rai sai da izininsa a rubuce. Ingila ba ta bi sahu ba sai 1833.

Ni ta biyun nake so, duk da wahalarta. A Nijar akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa, amma wa zai ƙirga 'yan kallo idan an kai wasanka Mirriya ko Magariya, ko an ɗauke shi da waya ya bazu a WhatsApp?