Labarin Marsandin Baba a Ikko

Yaya barka da war haka, ya su Hajiya? Ka tambaye ni labarin Marsandin Baba, 230E ɗin nan ta 1982 da na taho da ita Ikko, to wallahi ta ban wahala. Da na kai gudu 80 sai ta fara karkarwa, ba a sitiyari ba, ƙarƙashin kujera kake jin ta har madubi na rawa.

Farko na kai ta wajen mai balansin taya a nan Agege, ya yi nasa ya karɓi kuɗinsa, na ce ya leƙa ƙasanta ya ce shi taya ce aikinsa. Haka suke nan, mai taya daban mai giya daban mai waya daban, kuma ko dubawa kawai aka yi sai ka biya, ba kamar gida ba da bakanike zai shiga ku zaga ku dawo ya ce bar shi kawai Alhaji.

Wani dattijo Bayarabe da ba ya taɓa komai sai tsofaffin Marsandi shi ya gano. Matsalar ma ina za a samu titin gwaji, goslo ko'ina, sai ranar Lahadi da sassafe muka hau gadar Third Mainland. Da ta fara rawar ya ce in sa ta a firi in ɗaga ƙafa, inji ya yi ƙasa amma karkarwar na nan, ya ce to ba inji ba ne, kuma tunda sitiyari shiru ba tayoyin gaba ba ne, furofela ce, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Muka hau rami, robar da ke haɗa furofela da giya duk ta tsattsage, boris ɗin tsakiya kuma ya saki yana lilo. Abin da ya fi ban haushi, furofelar motar nan biyu ce haɗe, wanda ya taɓa kwance ta can gida bai sa alama ba ya mayar yadda ya ga dama, balans ɗinta ya tafi. Kwana biyu dattijon nan yana juya ta yana gwadawa.

Kayan mota kam kasuwar Ladipo ta nan Ikko ta fi Kofar Ruwa ta Kano, ba gardama, tokumbo ne tuli tunda ga tashar jirgin ruwa a Apapa, sai dai kana sauka yara sun yanyame ka oga wetin you want, in ba ka je da ɗan gari ba an yanke ka. Robar dai sabuwa dattijon ya sa na saya, ya ce roba ta kwance ko daga Jamus ta zo ta riga ta tsufa.

Yanzu tana 100 lafiya lau. Ka ce wa Hajiya da sallah da ita zan zo in Allah ya yarda, a share mata wajenta ƙarƙashin darbejiya.