Tankin murjani a gida: lita 60 ko lita 250, da wanne za a fara?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka shekara biyu kana kiwon kifin ado na ruwan daɗi, yanzu ranka ya biya na ruwan gishiri mai murjani mai rai a ciki, kuma ka rasa zaɓi tsakanin tanki mai lita 60 da mai lita 250. Hankalinka ya fi karkata ga ƙaramin, wai ka koya a kansa kafin ka zuba kuɗi. Ni babban nake ba ka shawara, amma da sharaɗi guda.

Akwai abubuwan da girman tanki ba ya sauyawa. Ruwan famfo ko na burtsatse ba ya yi, sai wanda na'urar RO ta tace tas, kuma gishirin girki ba ya yi, sai haɗaɗɗen gishirin da aka yi musamman don wannan kiwo. Ma'aunin da ake nema shi ne giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar awon gishirin ruwa, zafin ruwa kuma digiri 24 zuwa 26. Bayan ka zuba yashi da duwatsu, sai ka jira mako 4 zuwa 6 babu kifi ko ɗaya, har ƙwayoyin bakteriya su zauna a jikin dutse suna mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, nitirait, nitirait kuma nitiret mai ƙarancin illa. Ƙarami ko babba, wannan jiran dole ne.

Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke ɗaukar kuskure. Ruwa yana ƙafewa ya bar gishiri a baya, kuma ka san yadda iskar hunturu ke shanye ruwa a wurinmu. A ce ka yi tafiyar kwana uku. Ƙaramin ya rasa lita 6, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Babban, ko da lita 12 ya rasa, bai kai 37 ba. Kifi zai iya daurewa, amma murjani zai tsuke jikinsa ya ƙi buɗewa. Haka in ka yi sakin hannu wajen ba da abinci, ko dodon koɗi ɗaya ya mutu a bayan dutse ba ka gani ba: a lita 60 kafin gari ya waye amoniya ta tashi, a lita 250 kuwa ruwa ya narkar da ita, ka sami lokacin gane matsalar. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai a ƙaramin tanki kafin ka gano dalili ɓarna ta riga ta auku. Shi ya sa ban yarda ƙarami ne na koyo ba. Wanda hannunsa ya faɗa ne yake iya riƙe shi. Kuma ka riƙe wannan: ruwan da ya ƙafe da tatacce marar gishiri ake cike gurbinsa.

Sai zafi da wuta, wanda shi ne ainihin jarabawarmu. Murjani dabba ce, ba dutse ko tsiro ba, kuma cikin namansa akwai wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da shi. In ruwa ya daɗe a kan digiri 30, sai ya kore su, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. A Kano ko Sakkwato zafin Afrilu yana haura digiri 40. Lita 60 tana bin zafin ɗaki cikin 'yan sa'o'i, lita 250 kuwa a hankali take ɗumi. Da ƙarami na fara, kuma a irin wannan watan na rasa murjanina na farko, abin ya daɗe yana damuna. Amma a faɗi gaskiya, babban ya fi cin wuta: famfunan motsa ruwa, fitila mai ƙarfi da za ta yi awa 8 zuwa 10 kullum, na'urar tsame ƙazanta ta hanyar kumfa, sannan na'urar sanyaya ruwa. Ƙaramin ko batir madaidaici zai riƙe famfonsa dare guda. Ruwan teku bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, saboda haka in famfo ya tsaya, kifi ne ke fara jigata tun kafin zafi ya yi nasa. To sharaɗin ke nan: in ba ka da sola ko inbata da za ta ɗauki famfuna dare da rana, da ɗakin da ba ya gasuwa, kada ka sayi babban. Ƙaramin ma ka dakata tukuna.

A wajen kashe kuɗin yau da kullum ƙaramin ya yi nasara, babu musu. Canjin kashi 10 cikin 100 a mako lita 6 ne da gishiri kamar giram 220, babban kuwa jarka guda ce mai lita 25 da gishiri kusan kilo. Nauyinsa da dutse da yashi ya haura kilo 300, teburin falo ba zai ɗauka ba.

Mazauna ciki fa? Lita 60 iyakarta kifi biyu ƙanana, kamar ocellaris, mai ruwan lemo da ratsi uku farare, ka nemi wanda aka haifa a tanki don ya fi juriya. Lita 250 za ta ɗauki shida ko bakwai, ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya da tazarar makonni. Shuɗin kifin nan na tang da kowa ke sha'awa yana kai santimita 30, ko babban bai ishe shi ba. Murjani kuma ka fara da masu laushi irin su Discosoma da Zoanthus. Masu ƙashi kamar Acropora suna shanye kalsiyam, wanda ake so ya tsaya tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, su kuma sauke alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, daga ma'aunin 8 ko 9 da ake so, a ƙaramin tanki cikin kwanaki kaɗan. Shigo da masu ƙashin daga waje ma sai da takardar izinin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi na tekun Bahar Rum ne, ba ya cikin waɗanda ake kiwo.

In ka ga yashi ya yi ruwan ƙasa a watannin farko kada ka tsorata, yana wucewa. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe kada ya kusanci tankin, yana kashe murjani. Wasu Zoanthus da Palythoa kuma suna da dafi mai haɗari ga mutum: ka sa safar hannu, ka kare idonka, kada ka taɓa tafasa dutsen da suke jikinsa, kuma ka nisanta yara da bokitin aiki. Ka faɗa mini ƙarfin inbatarka da zafin ɗakin da rana tsaka, mu lissafa tare.