Garin ƙyallin ja na jan ƙarfe: yana da kyau, amma ba na kowace wuta ba ne

Wannan garin ƙyalli, wanda ake shafa wa tukwane a gasa su fito ja da sheƙi, da ake kawowa Maradi a leda ta kilo ɗaya ya cancanci kuɗinsa. Haɗinsa daidai yake: jan ƙarfen da ke ciki bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ga farin garin kuza da ke taimaka wa jan ya fito. Jan ƙarfe idan ya yi yawa, kalar hanta yake bayarwa.

Abin da ledar ba ta faɗa ba shi ne garin yana son zafi wajen digiri 1280. Jan yumɓun da muke gina randa da tulu da shi ba ya jure wannan, lanƙwashewa yake ya narke. Sai an haɗa yumɓu da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a jihar Katsina, a yi gashin farko a digiri 950 kafin a shafa garin. Gashin kara da itace a fili ba ya kaiwa ko kusa da digiri 1280.

A dama kilo ɗaya da ruwa kusan lita ɗaya, a tace da rariya mai laushi, a shafa da kauri. Shafi siriri fari yake fitowa, domin jan ƙarfe yana tashi da zafi. A bar santimita ɗaya a gindin tukunya ba shafi, saboda yana zuba ya manne da wurin da aka ɗora tukunyar a tanda.

Aikin duka yana wurin iska. A tandar gaz, da zafi ya kai digiri 900, a rage bakin bututun hayaƙi har harshen wuta ya leƙo ta ramin dubawa kamar tsawon tafin hannu. Wutar da ta rasa iska ce ke mayar da jan ƙarfe ja. Idan an makara, ƙyallin ya riga ya narke ya rufe, sai a samu kore ko fari. Baƙin hayaƙi kuma alama ce an wuce gona da iri, jan zai dushe. Lokacin hunturu iska na canza yadda bututun ke jan hayaƙi, dole a tsaya a kai. Butel ɗin gaz yana yin ƙanƙara ƙarfinsa ya ragu, a sa shi cikin baho da ruwa.

Mai tandar lantarki kada ya saya, kore zai samu. A rufe hanci wajen damawa, ƙurar na cutar da huhu.