Teburin koke na bankunan Zariya: kuɗin da yake iya dawowa da su da waɗanda suka fi ƙarfinsa

A kowane reshen banki a Zariya, ko a PZ ne ko Sabon Gari ko Samaru, akwai teburin da ba a zuba kuɗi ko cirewa a gabansa, amma ranar Litinin da safe layinsa kan fi na kowa tsawo. Shi ne teburin kwastoma kiya, inda ake kai kuka idan kuɗi sun salwanta. Aikinsa muka auna, musamman ga wanda 'yan damfara suka yaudara da sunan ya ci kyauta ko ya samu kujerar Umara mai araha. A ganinmu teburin yana aiki sosai idan na'ura ce ta yi laifi. Idan mutum ne ya yaudare ka har ka tura da hannunka, ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ɗan ƙarfin nan yakan ƙare ne cikin awa ɗaya ko biyu na farko.

Inda ya cancanci yabo ba ya buƙatar dogon bayani. ATM ta yi ƙara kamar za ta turo kuɗi, alat ya shigo, amma ko sisi bai fito ba. Tun ranar 8 ga Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya yanke wa'adi: idan na'urar bankinka ce, kuɗin su dawo nan take, in abin ya ƙi to cikin awa 24; idan ta wani banki ce, awa 48; na POS da sayayyar intanet kuma awa 72. Ana iya yin jinkiri, amma kuɗin suna nan a rubuce tsakanin bankuna biyu, babu wanda ya gudu da su. Ka riƙe rasit ɗin da mai POS ya ba ka, ko da ya nuna cinikin bai tafi ba, ka kuma rubuta rana da lokaci da adadi. Da waɗannan akasari ake gama magana.

Damfara kuwa daban take. Saƙo ne zai shigo cewa layinka ya ci naira miliyan ɗaya a gasar kamfanin waya, alhali ba ka shiga wata gasa ba. Ko a kira dattijuwa a ce, "Hajiya, barka da arziki, sunanki ya fito cikin waɗanda za a kai Umara kyauta, kuɗin biza kawai za ki biya." Da ƙarami ake farawa, a ce dubu biyar na rajista. In an biya sai kuɗin haraji ya taso, daga nan na inshora, kowanne ya fi na baya, mutum kuma yana ƙarawa don kada na farkon su tafi a banza. Wasu ba sa neman ka tura komai. Cewa suke za su zuba maka kyautar ne, don haka ka karanto lambobin da ke gaban katinka, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na baya, sannan "lambar tabbatarwa" da za ta shigo wayarka yanzu. Wannan lambar ita ce OTP, kuma cire kuɗi take tabbatarwa. Wanda zai turo maka kuɗi lambar asusunka mai lamba 10 da sunan banki kaɗai yake buƙata.

Abin da ke sa mutane su sakankance shi ne mai kiran ya san cikakken sunansu. Wannan ba shaida ba ce ko kaɗan. Duk wanda ya shigar da lambar asusunka a manhajar kowane banki zai ga sunanka ya fito, ranar haihuwa kuma da yawanmu mun baza ta a Facebook. Saboda haka ba ma ganin wanda aka cuta a matsayin wawa, kuma muna takaicin yadda wani lokaci ake tarbar irin waɗannan mutane a gaban teburi da "ai kai ka ba su". Wanda aka kunyata gobe ba ya kai ƙara, riba ta koma ga ɓarawo.

Tayin Umara da yawon buɗe ido ya fi wuyar ganewa, domin yana zuwa da fosta mai kyau a WhatsApp gab da azumi, da hoton otal kusa da Harami, da farashin da ko tikitin jirgi bai kai ba, da kuma "kujera uku suka rage". Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sukan nuna takarda mai tambarin kamfanin jirgi da lambar ajiyar wuri mai haruffa shida, wadda in ka duba a shafin kamfanin za ka ga sunanka da gaske. Ajiye wuri ne kawai, ba a biya ba, bayan ɗan lokaci sai ya goge. Tikitin da aka biya yana da lambarsa mai lamba 13. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo na Hajji da Umara lasisi, tana kuma fitar da sunayensu. Idan sunan kamfani ba ya ciki, ko asusun da aka ba ka na mutum ne ba na kamfani ba, kada ka tura.

Dalilin raunin banki a nan yana cikin tsarin tiransifa kansa. Kuɗin suna bi ta NIP, hanyar da NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, ke gudanarwa, suna sauka cikin daƙiƙoƙi. Bankinka ba ya iya miƙa hannu cikin wani banki ya janyo su. Sannan a wurinsa cinikin da aka yi da PIN ɗinka ko OTP ɗinka da yardarka aka yi. Abin da zai iya shi ne ya aika wa bankin da ya karɓa da gaggawa a sa wa asusun takunkumin hana cirewa, wanda ma'aikata ke kira PND. Tun 2015 CBN ya umarci bankuna su buɗe sashen yaƙi da zamba saboda irin wannan. Sai dai takunkumi abin da ya tarar kawai yake kamawa. Ɓarawo kan rarraba kuɗin zuwa asusu biyu ko uku cikin mintuna, ya bi masu POS ya kwashe. Da yawan asusun ma na aro ne. Zariya gari ne na ɗalibai, kuma yaron da aka ba dubu biyu don "a yi amfani da akawun ɗinsa sau ɗaya" shi za a kama, BVN ɗinsa ne kuma zai shiga jerin waɗanda ake zargi.

Don haka kada ka jira gari ya waye ka hau keke zuwa PZ. Reshe yana rufewa ƙarfe huɗu, ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, 'yan damfara kuma sun san da haka. Idan bayanan kati ka bayar, fara da toshe asusun. Bankuna suna da lambar da ake dannawa ko daga wayar wani: First Bank *894*911#, Access *901*911#, Zenith *966*911#. Ka nemi ta bankinka tun yau, ka rubuta a takarda, kada ka ajiye ta a waya kaɗai. Daga nan ka kira lambar wayar banki da ke bayan katinka, ka ce zamba ce, a haɗa ka da sashen zamba, a nemi PND a kan asusun da ya karɓa. Za su tambayi sunan mai asusun da lambarsa da bankinsa, da adadi, da lokaci, da lambar shaidar tiransifa mai lamba 30 wadda ake rubuta Session ID a gefenta a kan rasit. Da ita ake bin sawun kuɗin. Ka tura duk wannan ta imel ma, domin imel yana ɗauke da lokacin da ka sanar, kiran waya kuwa ana iya musanta shi. Kada ka goge saƙonnin ɓarawon don haushi, ka ɗauki hotonsu.

A gaban teburin kansa, babbar matsalar da muke gani ita ce ta takarda. Fom ɗin da Turanci yake, gurbin bayani ɗan layi uku ne, kuma wanda ya zo daga Giwa ko Soba ba tare da mai rubuta masa ba yakan koma da "ka dawo bayan kwana bakwai na aiki" kawai. Kada ka tashi sai an ba ka lambar bin sawun koke. Haƙƙinka ce a ƙa'idar CBN, kuma in babu ita kamar ba ka kai kuka ba ne. Ka zo da wasiƙarka kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ka tafi da ita gida. Ma'aikacin da ke zaune a wurin ba shi ke yanke hukunci ba, turawa yake yi hedikwata, don haka ɗaga masa murya ba ya ƙara komai.

Ko an yi sa'a takunkumi ya kama kuɗin, da sauran tafiya. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun wani ya ba ka sai mai asusun ya yarda ko kotu ta ba da umarni. Yawanci za a nemi rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa daga kotu, sannan odar kotu, wadda galibi sai da lauya. Takunkumin farko na wucin gadi ne, in ka yi sanyin jiki ana iya ɗage shi. A nan tsarin ya fi cutar da talaka: wanda aka cinye wa dubu ashirin zai ga kuɗin bin sawu sun kusa kai abin da ya rasa, sai ya haƙura. Duk da haka a kai rahoton, domin shi ke sa a rufe asusun kafin ya ci wani.

Wanda ya biya kuɗin tafiya da katin Visa ko Mastercard a shafin kamfani yana da wata ƙofa da mai tiransifa ba shi da ita. Yana iya cika fom ɗin jayayya cewa an karɓi kuɗi ba a yi aikin ba, bankinsa ya nemi a maido ta hanyar kamfanin katin. Wa'adin yawanci kwana 120 ne, kuma sai an haɗa da shaidar biya da ta cewa ka nemi kamfanin ya ƙi. Ma'aikata ba kasafai suke ambata wannan da kansu ba, kai za ka tambaya.

Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sai a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ta cpd@cbn.gov.ng ko a kai wasiƙa reshensa na Kaduna. A sa suna, da sunan banki, da lambar bin sawu, da adadi, da kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimi, ban da PIN ko wata lambar sirri. Wannan mataki yana da tasiri inda bankin ne ya yi sakaci, misali ka sanar da wuri amma ba a toshe ba har aka ƙara cira. Ba lallai ne ya sa banki ya biya kuɗin da ka tura da kanka ba. Bin ɓarawo aikin 'yan sanda ne da EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Kaduna. NDIC kuwa, da wasu ke zaton za ta biya, inshorar ajiya ce idan banki ya durƙushe, ba ruwanta da zamba.

Akwai tarko na biyu da ke jiran wanda ya riga ya faɗa na farko. Da zarar ka rubuta kukanka a ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X, wani mai tambarin bankin zai biyo ka ta saƙon sirri ya ce a koma WhatsApp a warware maka, ko wani ya ce shi gwani ne wajen dawo da kuɗin da aka sace in ka biya kashi goma cikin ɗari. Banki ba ya karɓar kuɗi kafin ya duba koke, CBN ma haka, kuma babu ma'aikacinsu da zai nemi OTP ko PIN don ya maido maka da kuɗi. In aka kira ka da sunan banki a kan ƙarar da ka shigar, ka kashe wayar, ka kira lambar bayan katinka da kanka, ka ba su lambar bin sawu su gaya maka inda aka kwana.